Likitan Titi Ya Ajiye Sandarsa

Shekara talatin da ɗaya, rana ba ta taɓa fito masa a gida ba. Yana idar da asuba zai tura baronsa, da shebur a ciki da sandar rodi a kafaɗa, ya hau titi. Lebura ne na ofishin gyaran hanya. Rabonsa kilomita bakwai da kwalbati goma sha ɗaya, a kan hanya guda tilo da ke kai mutanenmu asibiti da kasuwa da makaranta.

Aikin yashe kwalbati aka ɗauke shi. Shi ya ƙara wa kansa na saurare. A kan kowace kwalbati sai ya ƙwanƙwasa kwalta da rodin, ya karkata kai ya yi shiru. Daga nan direbobi suka laƙaba masa Likita.

"Likita, yau titin zazzaɓi yake yi ko mura?"

"Ciwon baya ne," in ji shi. "Lodinka ya sa masa."

Daminar bara, safiyar ranar kasuwa, ya ƙwanƙwasa a kwalbati ta tara, sai ta amsa masa kamar duro babu ruwa. Sama sumul, ko tsaga babu. Ya tuɓe riga ya shiga da rarrafe, ya tarar ruwa ya cinye ƙasar da ke riƙe da titin. Ɓawon kwalta kawai ya rage a kan rami.

Ya kira ofis. Oga ya ce injiniya sai mako mai zuwa, kuma ba a rufe hanya sai da takarda. "Wata goma ya rage maka ka yi ritaya, Baba. Ka rufe, ka ɓata takardunka da hannunka."

Ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya gitta baron a tsakiyar titi, ya jawo kututture ya ƙara, ya zauna.

Kafin hantsi layin motoci ya miƙe. Aka zage shi tas. Wani ya ce tsufa ne ya taɓa masa kai. Motar da ke gaba kuwa ta surukinsa ce, mijin 'yarsa ta fari, shaƙe da kwandunan tumatir. Ya sauko ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri. Tumatir ba ya jiran injiniya. Sau ɗaya zan wuce, a hankali."

"Ka wuce mana. Amma ka fara bi ta kaina."

"Haba Baba."

"Tumatir ana sake shukawa. Ni ban aurar da 'yata don ta dawo mini da marayu ba."

Surukin ya koma mota ya kashe inji. Ganin haka sauran suka yi sanyi. Likita ya nuna musu gefen da ƙasa ke da ƙarfi, aka riƙa tsallakawa da ƙafa, kaya a ka, zuwa motocin wancan ɓangare. Wata tsohuwa da za a kai asibiti, shi ya goya ta.

Kwana biyu titin bai motsa ba. Tumatir ya ruɓe. Takardar tuhuma ta iso daga ofis. A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, ka dai tabbata?" Ya ce bai tabbatar da rana ba, amma ya tabbatar da ramin.

Rana ta uku da la'asar aka yi ruwa. Titin ya rufta shi kaɗai, rami mai haɗiye bas da fasinjojinta. Babu kowa a kai.

Babu wanda ya mutu, shi ya sa babu wanda ya ji labari.

Likita, kai ne wanda muka zaga saboda ka hana mu mutuwa. Kai ne mai aikin da ba a gani sai ranar da ba a yi shi ba. Kowace mai naƙuda da ta isa asibiti, kowane buhu da ya isa kasuwa, ta kan yashin da ka kwashe suka wuce, ba su ko san sunanka ba.

Makon jiya ya yi ritaya. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗinsa, ba a janye ba. Ba a kuma turo wani a madadinsa ba.

Mun gode, Likita. Allah Ya hutar da gwiwoyin nan. Mu kuma da muka rage, kowa da magudana a ƙofar gidansa, shebur kuma ba ya neman takarda daga ofis.

Sandar rodin yanzu tana bayan kujerar motar surukinsa. Jiya masu wucewa sun ga motar tumatir a tsaye a kwalbati ta tara da aka sake ginawa. Direban yana ƙasa, ya karkata kai, ya yi shiru.