Kwalliyar Sallar Korolar Kang Oding

Yayana Oding tela ne, kuma duk garin Garut in kana neman mutumin da bai san gaggawa ba, ka zo shagonsa. Kwat ɗin biki sai ta yi wata a hannunsa, amma ranar da ka sa ta ba ka ƙara kai ɗinki wani wuri. Ni ce ƙanwarsa Nining. Teburin awarata da kofi a jikin bangon shagonsa yake, don haka ba abin da ya wuce ni a rayuwarsa, har wanda bai so na sani ba.

Kang Oding, haka muke kiran yaya a wurinmu, bai taɓa aikin gwamnati ba balle ya sa ran fansho. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure can Kalimantan, ita ma fama take da nata. Da ya haura hamsin ido ya fara yi masa hazo-hazo, sai ya zauna tunanin tsufansa. Abin da ya tara bai kai na fili ba. A banki kuɗi narkewa suke, ga danginmu da hancin jin ƙanshin ajiya: yau ɗan wane zai shiga makaranta, gobe iska ta yaye rufin wance. Matarsa Titin ta ce a sayi zinariya. Ya ce ai a wuyanta za a gani, a zo aro ranar biki, a dawo da labari.

"Mota zan saya," in ji shi wata safiya, yana kurɓar kofina da bai taɓa biya ba. "Tsohuwa."

Na ajiye matsami na dube shi. "Kang, lafiyarka kuwa? Mutane na sayen tsohuwar mota don ba su da na sabuwa, kai kuma asusu za ka yi da ita?"

"Sabuwa tun ranar da ta bar shago take faɗuwa. Wadda nake nufi ta gama faɗuwarta tun kina yawo ba takalmi, yanzu sai hawa. Kuma ba mai zuwa ya ce a ba shi aron rabin mota."

Na ce Allah ya ba da sa'a, a raina kuwa na ce an yi asarar kuɗin ɗinki.

Kusan shekara ya yi yana nema. Duk Lahadi ya hau bas zuwa Bandung da mayen ƙarfe naɗe cikin ƙyallen yadi a aljihu. In ya je sai ya bi jikin mota yana mannawa. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, an taɓa buga ta an cike ramin an rufe da fenti, sai ya yi wa mai ita godiya ya kama hanya. Yakan durƙusa ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, wai motar da ambaliya ta taɓa kwana a cikinta ba ta daina wari har ta mutu. Da yake tela ne, ɗinkin kujera ma sai ya bi shi da farce. An nuna masa wata doguwar Marsandi mai sauƙin kuɗi, ni da Titin har mun fara hango kanmu a baya, ya ce a'a, ranar da ta yi tari sai an sayar da keken ɗinki kafin a sami kayan gyaranta. Duk wadda ya tarar tana sheƙi kuwa ko ƙofarta ba ya buɗewa. Ya ce tsohuwar da ta cika hoda akwai abin da take ɓoyewa.

A ƙarshe ya dawo da wata Korola da ya samo wurin wata ungozoma da ta yi ritaya. Ita ta saye ta sabuwa, ita kaɗai ta tuƙa ta, a rumfa take kwana. Launinta ruwan madara ne, amma sama da gaba duk sun koɗe kamar tsohuwar butar shayi. Shi ya sa ma ya same ta da araha. Na zagaye ta sau ɗaya na ce, "To, sai a kai ta fenti ko?"

Ya dube ni kamar na zagi Emak, mahaifiyarmu. "Nining, fentin nan shi ne kuɗin. Na kamfani ne, sau ɗaya ake yin sa a duniya. Inji ana gyarawa, taya ana sauyawa, wannan in ya tafi ya tafi."

Gaskiyar magana, shekarun da suka biyo baya ban taɓa ganin yayana cikin nishaɗi irinsu ba. Da safe kafin ya buɗe shago zai goge ta da tsohuwar singileti, ba sabulu, yana 'yar waƙarsa. Ranar Lahadi ya ɗauki Titin su tafi wanka a ruwan zafi na Cipanas, su ci gasasshiyar masara a bakin hanya, amma a waje, ba mai cin komai a cikin motar. Ya yi abokai, wasu tsofaffi masu irin ciwonsa, su jera motocinsu a dandalin gari su buɗe gaba su yi ta leƙen inji kamar masu duba jariri. A nan wani mutumin Jakarta, Pak Gunadi, ya gan ta. Ya zagaye ta, ya shafa wurin da ya koɗe da bayan hannu, ya yi tayi. Kang Oding ya yi murmushi ya ce ba yanzu ba. Kowace shekara mutumin nan sai ya dawo, kowace shekara da ƙari. Ni da na yi dariya da farko, bakina ya mutu.

Sai bara likita ya gaya masa gaskiya, idon ba zai ɗauki ɗinki da nisa ba. Ya kira Pak Gunadi suka daidaita: bayan ƙaramar sallah ya zo ya ɗauka. Kuɗin zai isa a gina ɗakunan haya biyu a bayan gidansa, shi da Titin su ci tsufansu a zaune. Ya ce kada wanda ya gaya wa Emak zancen ido, hawan jininta ya ishe ta.

Emak ta haura tamanin, tana ƙauyenmu can gaba da Cikajang, cikin tudun ganyen shayi. Ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa yarda da motar nan ba. A wurinmu ai ba a shiga sallah da abu koɗaɗɗe. Goman ƙarshe na azumi duk ƙauye warin fenti yake, bango, ƙofa, dangar gora, masallaci, har akurkin kaji wani kan shafa wa. Sannan 'ya'yan da ke birni su fara isowa cikin motoci masu ɗaukar ido. Rabinsu na haya ne, kowa ya sani, ba mai faɗa. Sai ga ɗan Emak ya shigo da tasa ya ajiye a ƙofar gida inda duk mai wucewa masallaci zai gani.

"Oding," takan ce, "in kuɗin fenti ne babu ka faɗa mini, ai ba kunya tsakanina da kai."

"Emak, da gangan na bar ta. Irin wannan, tsufanta shi ne darajarta."

"To ni ma ka kai ni Jakarta ka sayar mana."

Mu yi ta dariya, ita ma ta yi. Amma na san abin yana cin ta. Maƙwabciyarta ta taɓa tambayarta cikin tausayi ko ɗinkin ne ya daina tafiya a birni, Emak ta kwana biyu ba ta leƙa waje ba.

Sallar bara mun isa ana gobe jajiberi, bayan mun sha cunkoson hanya har ƙafafuna suka kumbura. Emak ta tarbe mu, ta dubi motar, ba ta ce komai ba. Ni har na ji daɗi, na ce ta haƙura. Washegari da hantsi Kang Oding ya bi maza zuwa maƙabarta share kabarin mahaifinmu, ni da Titin muka hau acaɓa zuwa kasuwa neman nama da kwakwa. Kasuwar jajiberi kuwa ba a fita da wuri. Titin ta tsaya jiran niƙa, na yi gaba da kaya, na haɗu da shi a kan hanya yana dawowa da lauje a hannu. Muna shan kwanar gida muka gan ta.

Emak na zaune a kan 'yar kujerar tsugunno, ta tattare zani, ga gwangwanin fenti shuɗi a gefenta, irin na ƙofar katako, ga buroshi a hannu. Ta gama ƙofar direba tas. Ta gama gefen da ke kan tayar gaba. Ga samfefa a yashe a ƙasa, ashe sai da ta kankare wurin tukuna, don mai shagon fenti ya gaya mata fenti ba ya kama abu mai santsi. Fentin yana gangarowa layi-layi yana ɗiga a kan taya.

Ledar naman ta kuɓuce mini. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi wa uwata ba. Ɗakunan haya biyu nake gani suna ɗiga a ƙasa. Na dubi Kang Oding, fuskarsa ta yi fari.

"Kang," na ce ƙasa-ƙasa, "yi sauri ka karɓe. Ƙofa ɗaya ce da gefe, sauran na nan. Pak Gunadi zai rage, amma zai saya."

Ya taka a hankali har ya tsaya a kanta. Emak ta ɗago, duk goshinta gumi, ga ɗigon shuɗi a haɓarta, ga azumi a bakinta. Rabona da ganin fuskarta da haske haka tun ranar auren jikarta.

"Kun yi saurin dawowa," ta ce. "So na yi ku tarar an gama. Agwagina na sayar, duka, na ce a ba ni mai kyau, wanda ruwa ba ya wankewa. Gobe ba mai ƙara tambayata ko ɗana na cikin wahala." Ta miƙa masa gwangwanin da hannu biyu. "Riƙe mini nan, sunkuyon ne ke karya mini baya."

Na san yayana. Na san da baki ɗaya zai iya tsayar da ita, ya ce Emak idona ne, motar nan ita ce abincin tsufana. Da ta ajiye buroshin nan take, kuma da ta shiga sallah tana kukan ta cuci ɗanta da hannunta, ta mutu da abin a ranta. Sai ya jingine laujen da bango ya karɓi gwangwanin.

Ta dafa motar ta miƙe, ta tsoma buroshi ta ɗora a gaban, a daidai inda ya fi koɗewa. Ya bi ta yana riƙe mata, in ta matsa ya matsa. Can na ji ya ce, "Emak, ga wani wuri nan kin tsallake."

Na kwashi namana na shige kicin na yi kukana a kan albasa. Da Titin ta dawo ta gani, ta tsaya a ƙofa ta daɗe, ta dubi mijinta, ya girgiza mata kai kaɗan. Ta shigo ta zauna kusa da ni ta fara kankare kwakwa. Kafin la'asar ya karɓi buroshin ya yi mata saman da hannunta ba ya kaiwa.

Ranar sallah filin idi bai fi a taka da ƙafa ba, amma Emak ta ce a mota za ta. Ta zauna a gaba cikin farin mayafinta, ta sauke gilashi, ba wanda ta bari ya wuce ba ta gaishe shi da sunansa ba. Fentin bai gama bushewa ba, yara biyu sun koma gida da shuɗin hannu. Da muka dawo muka jeru neman gafara kamar kullum, shi ne babba shi ya fara. Ya durƙusa ya kifa goshi a gwiwarta ya ce ta yafe masa laifinsa na fili da na ɓoye. Ta shafa kansa ta ce ta yafe, har da taurin kan da ya yi mata a kan mota.

Pak Gunadi ya zo bayan sallah kamar yadda aka yi. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya zagaye ta sau ɗaya, ya sha kofi, ya sayi awara mai yawa da na san ba ci zai yi ba, ya tafi. Bayan gidansa har yau rogo ne da ayaba a wurin. Kang Oding ya daina karɓar kwat, sai wandon makaranta da rage tsawo, abin da hannu ya sani ko ido bai taya ba. Ranar Lahadi suna zuwa Cipanas, yanzu har masarar a cikin mota suke ci. Emak na nan da ranta, duk wanda ya je gaishe ta sai ya ji labarin fentin.

Kwanaki da rana ta yi sanyi ba ciniki, na kai masa kofi na tambaye shi abin da ya daɗe a raina, ko abin ba ya yi masa ciwo.

"Yana yi mana," ya ce. "Wani lokaci in na tuna har abinci fita raina yake." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma tun da Baba ya rasu ni ke kai mata, Nining. Shinkafa ni, magani ni, rufin ɗaki ni. Kullum ita ce mai godiya, kuma na san ba ta so. Ranar nan ita ta ba ni, da kuɗinta, da hannunta. Ta yaya zan ce ta mayar?"

Ya shanye kofin, ya jawo wani wandon makaranta ya kara shi kusa da fuskarsa yana laluben bakin ɗinkin.