Makon da Bokiti Ya Yi Daraja

Shekara goma sha tara ya yi yana jera kaya a babban kantin da ke bakin titi, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Jere. Mutum ne siriri mai ɗan sanƙo, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Gwangwanin madara ko na tumatir, sai ya juya shi rubutun ya kalli mai saye. An ce ranar da ya fara zuwa gaida surukarsa, kafin ta fito daga ɗaki ya jere takalman gidan kaf, daga babba zuwa ƙarami.

Da annoba ta zo aka rufe iyakoki, manyan motocin kaya suka maƙale a hanya, direbobi a killace. Cikin kwana huɗu jama'a suka yashe kantin. Shinkafa ce ta fara tafiya, fulawa ta bi ta, sai taliya da sukari da man girki. Mai Jere ya wayi gari ba abin jerawa. Haka yake zagaye da tsumma, takunkumi a fuska, yana goge inda ba datti kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Manaja ya kira shi ya ce, "Wannan wayam ɗin yana tsorata mutane. Shiga sito, ko me ka samu ka cike min wurin nan."

"Yallaɓai, ba komai a sito sai bokitan robar nan da suka shekara biyu ba wanda ya taya."

"To jera bokitai."

Dama hannunsa na ƙaiƙayi. Ya zuba shuɗi a sama, ja a tsakiya, kore a ƙasa, kowanne mariƙinsa ya kwanta dama. Ya cike layin shinkafa, ya cike na fulawa, ya ja baya yana kallo har da ɗan murmushi.

Wani tsoho ne ya fara shigowa neman sukari. Ya yi turus, ya ƙare wa bokitan kallo, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, ruwa za a ɗauke?"

"A'a Baba, cike gurbi kawai muka yi."

"Haka kuka ce fulawa ba za ta ƙare ba," in ji tsohon. Ya rungumi uku.

Matar da ke bayansa ta ga uku, ta ɗauki biyar. Kafin rana ta take, layi ya kai bakin titi, kowa ya ba na gabansa tazarar taku biyu. Manaja ya liƙa takarda cewa bokiti biyu kacal za a ba mutum ɗaya, takardar nan kuwa ita ta ƙarasa dagula lamarin. Akwai wanda ya saya ya fita, ya dawo sanye da wata hula daban, ya rantse cewa wanda ya saya ɗazu yayansa ne.

Ana cikin haka wayar Mai Jere ta yi ƙara. Surukarsa ce.

"Ashe kana cikin bokitai tsundum, ka bar ni ina ji a bakin maƙwabta?"

"Mama, wallahi ba abin da zai samu ruwa. Ni na jera su da hannuna."

"Madalla. Tunda kai ka jera, ware min huɗu. Ban da kore."

Da ya koma gida da yamma, ƙofa ma da ƙyar ta buɗu. Bokitai shida a falo, cike taf da ruwa, ga baho, ga tukwane, har kofunan shayi. Matarsa wani kanti ta je can nesa ta yi layin awa uku, wai don kada ta ja masa magana a wurin aiki.

"Baban 'yan biyu, taka a hankali, na bayan ƙofar nan na sha ne," in ji ta.

Ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga sito har tsohon. Ta saurara tsaf, ta ce, "Na ji. Amma in ba gaskiya ba ne, me ya sa kowa ke saye?"

Washegari da ya isa aiki, sai ya tsinci kansa yana tura wani jan bokiti bayan firij, saboda ko-ta-kwana.

Ruwa dai bai ɗauke ba ko na minti ɗaya. Bokitai suka ƙare ranar Alhamis, motocin shinkafa kuwa shiru. Manaja ya shiga sito da kansa, ya fito yana jan kwali uku na tarkon ɓera.

"Yallaɓai, ka rufa mana asiri," in ji Mai Jere. "Ka san mutanen nan."

"Jera kawai."

Ya jera, kuma ya jera da kyau, don bai iya akasin haka ba. Bai kai ga cire rigar aiki ba waya ta sake ƙara.

"Kai," in ji surukarsa tana haki, "ka san inda ake samun kyanwa?"