Hancin Saima

Duk wanda bodari ya taɓa tarewa a ƙarƙashin gidansa ya san Arvo Lahti. Abin da mutane ba su damu su sani ba shi ne rabin aikin ba shi yake yi ba. Yayarsa Saima ce, kuma har ta yi furfura ba ta taɓa riƙe wuƙar ba.

Mutanen ƙauyenmu, jikokin Finlawan da suka zo saran itace nan arewacin Mishigan, akwai su da son a raba su da abin da ya dame su, amma babu su wajen godiya. Bodari ya shige ƙarƙashin baranda, ko ya haihu a bayan akurkin kaji, sai ka ga mutum ya tako har gonar su Arvo, baki har kunne. Arvo ya zo da akwatin tarkonsa da tsohon bargo, ya kwanta rub da ciki a ƙasa mai sanyi, ya yi abin da mai gidan ya kasa. In ya gama, sai a miƙo masa gahawa ta taga. Ta taga fa, kamar mai cutar da ake ɗauka. Ran Lahadi a coci kuwa bencinsa nasa ne shi da yayarsa, ko da ya fi kowa wanka. Matan nan dai su ne za ka gani da sanyi sun naɗe wuya da baƙar fata mai sheƙi, ba sa tambayar daga jikin wa ta fito.

Shi Arvo bai ma san me ake gudu ba. Yana saurayi wani reshe ya faɗo masa a ka a dajin sara. Ya warke sarai, sai dai hanci ya mutu. Gahawa, hayaƙi, fure, mushe, duk ɗaya suke a wurinsa. Shi ya sa aikin bodari ya faɗo a kansa, shi ya sa kuma ba zai iya yinsa shi kaɗai ba. Dabbar tana da 'yan jakunkuna biyu a gindin jela, nan warin yake. In yatsa ya danna wurin, sai ɗigo ya tsatso. In aka tsaya nan take aka goge, an tsira. In aka ci gaba, fata ta lalace, mutum kuma ya yi mako yana korar jama'a bai sani ba.

Saima kuwa tun tana yarinya aka san ta da hanci. Ita ce mai gaya wa uwarsu madara za ta juya tun ba ta juya ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gonar iyayensu, sai ita da ƙanenta suka tsara aikin. Rumfar fiɗa tana da taga a baya, ƙofa a gaba. A buɗe duka biyun, iska ta shigo ta taga, ta bi ta kan Arvo da abin da ya rataye, ta fito ta ƙofa. Nan Saima take tsayawa, hannu a cikin aljihun riga, ido a rufe. Kalma ɗaya ce aikinta: tsaya. Da yamma kuma in ya fito daga sauna, ɗakin wankan tururi, tunda tururi yana tayar da duk warin da ya kwanta, sai ta zagaye shi tana sansana gashi da wuya da farce. In ta ce ya fita, ya shiga mutane. In ta ce a'a, ya koma.

Ba ta taɓa ƙetare dokin ƙofar nan ba, don kada hancin ya saba ya daina ji. Shekara da shekaru bayan Arvo kawai take gani da motsin gwiwar hannunsa. Ta sha tambayarsa yaya jakunkunan suke. Ya ce kamar dai jaka. Wane launi? Ya ce launin nama. Arvo ba mutumin da za a tambaya abu ba ne.

A bazarar shekarar da nake magana, Saima ta yi wata muguwar mura. Murar ta tafi, ta tafi da hancin. Ta fara ganewa ne ranar da burodi ya ƙone tana tsaye a gaban murhu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce zai dawo. Da zafi ba a fiɗa, gashin ba shi da kyau, Arvo kan kai dabbar can cikin daji ne ya sake ta, saboda haka ba wanda ya tambaye ta komai. Kullum da safe takan buɗe gwangwanin gahawa ta cusa fuska. Shiru.

Sai ga ƙarshen kaka, sanyi ya fara, gashi ya cika. Sai ga kuma Aili, bazawarar nan mai ɗinki da ke bayan gada, bodari ya daɗe yana addabar rumfar itacenta. Arvo ya yi ta zarya yana duba tarko. Ran Juma'a ya dawo da dabbar, ya daɗe yana goge takalmi a bakin ƙofa, sannan ya ce Aili ta shigar da shi har kicin, ta ba shi kujera. Ta ce tana son fatar, a jeme mata ta yi safar hannu, kuma farin zanen nan na baya da masu sayen fata ke rainawa shi take so. Ta kuma ce ya zo cin abinci ran Lahadi.

Saima ta dube shi. Mutum ya ba sittin baya, kunnuwansa sun yi ja kamar na yaro. Rabon da wani ya kira shi teburinsa ita kanta ta manta.

Fatar ba za ta jira Litinin ba, gashi tujewa zai yi. Dole a feɗe ran Asabar, kuma dole wani ya ce ya fita ko bai fita ba. Da safe Saima ta gwada gahawa, ta gwada kananzir, ta gwada albasa har ta yi hawaye. Ta yi tunanin ta je ta tsaya kamar kullum, ta rufe ido, ta ce ya fita, in ya so Allah ya kiyaye. Sai ta hango shi zaune a teburin Aili da farar rigarsa, matar tana tashi a hankali ta buɗe taga, shi kuma yana ta murmushi bai san dalili ba. Ta ɗauki mayafi ta nufi gada.

Ta tarar da Aili tana yanka yadi. Ba ta zauna ba.

"Ke ce kika kira ƙanena cin abinci gobe?"

"Ni ce. Laifi ne?"

"Sa takalmi. Aron hancinki na zo."

Aili ta ajiye almakashi tana kallonta. Saima ta gaya mata komai a taƙaice, ta ƙara da cewa ita kaɗai ta sani, in kuwa ta ji zancen a bakin matan coci ta san inda ya fito. Aili ba ta ce sannu ba, ba ta ce ayya ba, abin da ya sa Saima ta fara ganin mutuncinta ke nan. Tambaya ta yi: da gaske ne ana zare ƙashin jela gaba ɗaya? Saima ta ce haka aka ce mata.

Da Arvo ya gan su tare sai da wuƙa ta kusa suɓuce masa. Saima ta ce mai fata ta zo ganin fatarta, ya yi aikinsa. Ta tsayar da Aili daidai inda ita ta saba tsayawa har ƙafafunta suka lotsa ƙasa, ita kuma ta matsa gefe.

Ya riga ya wanke dabbar a rafi ya tsane ta, ya rataye ta ta ƙafafun baya. Ya tsaga daga dunduniya, kaifin wuƙa yana kallon sama, ya bi layin da gashin ciki ya haɗu da na baya. Aili ba ta rufe ido ba, ba ta kuma rufe baki ba. Me ya sa kaifin ke sama? Don kada a yanke gashi. Me ya sa bai fara ta ciki ba kamar na tunkiya? Me suke ci da suke tara kitse haka? Arvo, wanda kan yi wuni bai haɗa jimla biyu ba, yana ta ba da amsa. Saima ta ji abubuwan da ta yi rabin rayuwarta tana tambaya ba a gaya mata ba. Abin ya ba ta haushi, amma ta kasa kunne.

Ya zo gindin jela. Nan ake zagaye dubura a bar mata ɗan gashi a jikin naman, a ɗaga fata a hankali. Saima ta ja iska har ƙirjinta ya yi zafi. Sanyi kawai ta ji.

"Tsaya," in ji Aili.

Hannun Arvo ya tsaya cak tun kafin ya gane muryar wa ce. Ya ɗebi garin katako ya danna a wurin, ya share, ya sake, ya wanke wuƙa da yatsunsa. Aili ta ce ya ragu. Ya sake. Ta ce ya tafi. Sannan ya juyo, kuma ba Aili ya kalla ba.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun murar bazara."

"Shi ya sa burodi yake ƙonewa."

"Kai da ba ka jin ƙauri, ina ka sani?"

"Idona ai bai mutu ba." Ya goge hannu a wando. "To me kike yi a bakin ƙofa? Shigo ki riƙe min."

Saima ta dubi dokin ƙofar. Ta ɗaga ƙafa ta ƙetare.

Ashe jakunkunan ƙanana ne. Ba su fi manyan gurjiya ba, ɗaya dama ɗaya hagu, kwance a cikin jan nama, fatarsu ta ɗan yi ruwan ɗorawa. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa. Ta ce wannan ɗan abin ne ya hana su maƙwabta a coci? Arvo ya ce shi ne. Ta ce launin nama, in ji ka. Ya ce ai kusan haka ne.

Ya ba ta 'yan sanduna biyu, ta matse gindin jela a tsakaninsu ta ja, ƙashin ya zaro sumul. Ta kira Aili ta ce gaskiya ne, gaba ɗaya yake fita. Arvo ya tsaga jelar har ƙarshe, don in an bar ta a rufe ruɓewa take yi. Suka ja fatar ƙasa kamar ana cire safa, ya zare ƙafafun gaba, ya bi kunne da ido da leɓe da bakin wuƙa. Da yake ta jima ce, ba ta masu saye ba, ya buɗe ta ta ciki ya shimfiɗa a kan gungume. Kitse ne fal, fari, mai kauri. Ya nuna mata yadda ake tura dakusasshiyar wuƙar nan mai ƙota biyu, daga wuya zuwa jela, a sassauta a ciki inda fata ba ta da kauri. Ta huda wuri ɗaya. Aili ta leƙo ta ce kada ta damu, nan babban yatsa zai fito. Suka goge maiƙo da garin katako, suka zuba gishiri har cikin kunnuwa da tsagin jela, suka ninke ta nama ga nama, suka ɗora a kan katako mai gangara don ruwa ya tsiyaye.

Saura mutumin. Da la'asar ya hura sauna, ya shiga, suka ji ruwa yana tsuwa a kan duwatsu. Matan suna kicin, Saima ta kasa shan gahawarta. Ya fito da wankakken wando da riga, jiki yana tururi, ya tsaya a kan matakala kamar yadda ya saba, hularsa a hannu. Aili ta zagaye shi. Ta sansana gashi, ta sansana wuya, ta kama hannuwansa ta juya su. Ta ɗan daɗe a nan, fiye da yadda aikin yake bukata.

"Mutumin dai tas yake," in ji ta. "Hular ce."

Saima ta tambaya ko yau hular ta ɗauki warin. Aili ta ce ina, ai tun kafin a tone dankali take haka, tun zuwansa na farko duba rumfar itace. Har kyanwarta tashi take yi in ya shigo.

Wato duk watannin nan da hular nan yake shiga kanti, da ita yake zuwa coci, kuma a ƙauyen nan kaf ba a samu mai bakin gaya musu ba. Matsawa kawai suke ƙara yi. Saima ta buɗe baki za ta fara tsine musu tun daga matar fasto, sai wani abu ya tsayar da ita.

"Kuma kika shigar da shi kicin ɗinki?"

"Hular na gayyata?" in ji Aili.

Arvo ya juya hular yana kallo, ya ce ai da sauranta. Saima ta fizge ta, ta buɗe murhun sauna ta jefa.

Ran Lahadi ya tafi da hular babansu, wadda ta yi masa yawa. Saima ta bi shi da ido har ya haye gada, sannan ta nufi rumfa. Gishirin jiya ya jiƙe, sai an kakkaɓe an zuba sabo. Ta buɗe fatar, ta juya ta, ta shafa farin zanen da ya rabu biyu daga kafaɗa, tana mamakin yadda gashin ƙasa yake da laushi haka ba wanda ya taɓa gaya mata. Arvo bai dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa.

Tun daga lokacin Saima ce a ciki da wuƙa, Aili a bakin ƙofa. Saima ta fi Arvo haƙuri a gindin jela, shi ma ya yarda. In an kira su gida, ita da Arvo tare suke zuwa. Akwai matar da ta miƙo musu kofi biyu ta taga. Saima ta dubi kofin, ta dubi matar, ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofa.