Shamuwa Ta Zo, Ruwa Bai Biyo Ta Ba

Mun tashi da asuba daga Gumel, ni da gwaggona, za mu kai wa baffana irin gero a ƙauyensu, arewa da Sule Tankarkar. Tun a tasha na ga abin da bai kwanta mini ba: 'ya'yan shamuwa uku a gindin tsamiya, matattu, ko gashi ba su gama yi ba. Na nuna wa Gwaggo, ta ce iska ce ta kaɗo su.

A wurinmu shamuwa ce mai albishir da damina. In ta yi sheƙa har ta ƙyanƙyashe, to ruwa ya sauka, fara da kwaɗi sun fito, tafkuna sun kawo. Shi ya sa Gwaggo ta hana ni ɗaukar goran ruwa na biyu.

"Ke da bokonki! Shamuwa ta yi wata biyu da zuwa. Ko garinmu bai samu ba, daji ya samu. Akwai tafki a rabin hanya."

Akori-kura ta sauke mu a Sule Tankarkar da hantsi. Na sayi ƙosai, ƙanana kamar ƙwan zabo. Da na yi ƙorafi, mai tuyar ta ce in tambayi masu wake.

Daga nan sai ƙafa. Gonaki duk an yi binne, an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran sama, amma ko tsiro ɗaya babu. Gawo kuwa, wanda ke kakkaɓe ganyensa in damina ta kama, yana nan kore shar. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa.

Kafin azahar goranmu ya ƙare. Da muka isa tafkin, sai laka a tsattsage da mushen saniya. Gwaggo ta zauna, ta ce ƙafarta ta ƙi. Harshena ya yi kauri, gumi ya ɗauke mini, kuma na san ma'anar wannan, an koya mana a aji: ruwan jiki ne ya kusa ƙarewa.

Ban san tsawon zamanmu ba. Wata Bafulatana ce ta same mu, da jakuna biyu da salkar ruwa. Daga wajen Maigatari suka taso, ita da mutanenta, za su gangara Gagarawa neman kiwo. Ta riƙa ba mu kaɗan-kaɗan.

"Kada ki kwankwaɗa, yarinya. Wa ya ce muku akwai ruwa a nan?"

Gwaggo ta ce, "Shamuwa."

"Ayya, Inna. Ita lokacinta take bi, bana ko 'ya'yanta ba ta ciyar ba. Mu gawo muke duba."

Ta ɗora Gwaggo a jaki, muka bi ta har rijiyar da suka yada zango. Da la'asar Bafulatanar ta zo ta dafa goshina, ta duba tafinta, ta nuna mini ya jiƙe.

"Kin gani? Gumi ya dawo. Kin tsira, 'yar boko."