Ƙofar da Na Goge

Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ne ya tsayar da ni ranar, ina riƙe da wayar aiki a wani lungu na Jekadafari. Aikina haɗa taswirar gari ne. Ana ba mu hoton da aka ɗauka daga sama, mu bi gida-gida mu tabbatar: wanda yake nan mu bar shi, sabon gini mu ƙara, wanda babu shi mu goge. Kada ka ɗauka aikin hira ne. Kai kaɗai kake yini, sai rana da karnukan mutane.

Ni kuwa a wurin kakata na fara ganin taswira. Mu biyu ne a gidan, sai wata akuya mai taurin kai. Mahaifiyata ta rasu ina goye, mahaifina ya tafi kudu neman aiki, daga nan shiru. In Kaka za ta aike ni, ba ta tsayawa kwatance da baki. Sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana da tsinke: ga masallaci, ga mai niƙa, ga dogon yaron da zan sha kwana a gindinsa. Da damina zanen ya fi fitowa, don ƙasar tana da laima. Kullum a ƙofarmu take ƙarewa, ta danna yatsa a wurin har ya yi ɗan rami.

"Ƙawata, ke dai riƙe hanyar dawowa," in ji ta.

Bayan gidanmu akwai kwari, kuma kowace damina sai ya matso. Ya cinye 'yar gonar kuɓewarmu, ya cinye katangar baya. Maƙwabta suka yi ta tashi, har ya zama ba yaron da zan yi wasa da shi. Kawuna ya zo daga Hammadu Kafi da motar kwasar kaya, ya yi roƙon duniya. Ko tabarma ba ta bari an naɗe ba.

"In uban yarinyar nan ya dawo, ƙofar nan kaɗai ya sani," ta ce. "Wa zai tambaya?"

Na ji haushinta ƙwarai, don kaɗaici ya ishe ni. Da yamma mukan zauna a zaure, ita tana kallon bakin lungu, ni ina kallonta. A gidan ta rasu, Kawu ya ɗauke ni. Har yau ba mu san ko mahaifina yana raye ba.

To, ranar da nake ba ka labari, unguwarmu aka ba ni. Hoton saman tsoho ne, ga rufin kwanonmu nan daram a cikinsa. A ƙasa kuwa lungun ya ƙare a bakin rami, sai ledoji da ciyawa. Na kira shugabar aikinmu.

"Ranki ya daɗe, ba za a bar wannan ɗayan ba?"

"Ma'aikatan lafiya ne za su bi taswirar nan," ta ce a hankali. "Kina so su je neman mutane a cikin kwari?"

Gaskiyarta. Na daɗe a tsaye, sannan na goge.

Yanzu kowa da taswira a aljihunsa, ba mai ɓata a Gombe. Amma in mahaifina ya sauka a tasha ya duba wayarsa, ba abin da zai kawo shi nan. Na tsuguna a inda nake zaton ƙofar take, na danna yatsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa har ya yi ɗan rami. Ina miƙewa na ga hadari ya sake haɗuwa a gabas.