Ranar Da Na Cire Haruffan Motar Hajiya

Akwai ranakun da mutum kan manta tun kafin sati ya zagayo, amma ranar da na cire haruffan motar wata Hajiya a garejin mahaifina da ke unguwar Briqueterie, na tabbata har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Mahaifina mai gyaran jikin mota ne da fenti. Mu huɗu ya haifa, dukanmu mata, ni ce babba. Tun ina ƙarama, idan aka aike ni in kai masa abincin rana, sai in sami gefe in zauna ina kallon hannunsa har Inna ta gaji da jira ta aiko a kira ni. Bai taɓa kora ta ba. Wani lokaci ma yana aiki yana yi mini bayani, kamar mai magana da kansa. Amma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mace za ta riƙe gareji, har ni kaina, don haka da na girma sai aka sa ni ɗinki.

Ina da shekara ashirin da huɗu Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taimaka ya tashi, sai dai hannunsa na dama ya koma rawa, ko kofin shayi sai ya tallafa da hagu. Ma'aikatansa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Dangi suka zauna, baffana ya yanke cewa in wata ya ƙare a bar wa maƙwabcinmu wurin. Shi maƙwabcin makanike ne, ya daɗe yana son ya rushe katangar langa-langar da ke tsakaninmu ya faɗaɗa nasa. Baba bai yi musu ba. Kullum dai da safe sai ya dogara sandarsa ya je ya buɗe ƙofa ya zauna a benci, ko da ba mota ko ɗaya.

Ran nan, wata Laraba bayan an ɗauke ruwan safe, na kai masa abinci. Ina buɗe kwano ke nan sai ga wata mota shuɗiya mai duhu, sabuwa fil, ta gangaro layinmu tana kauce wa jan taɓo. Wata Hajiya ce daga unguwar Tsinga, mai sayar da atamfa, wadda Baba ya taɓa yi wa mijinta aiki. Bayan sun gaisa ta yi masa ya jiki, ta ce so take a cire mata haruffa da tambarin kamfani da ke bayan motar. Wai sau biyu ke nan ɓarayi na ɓamɓare na tsohuwar motarta a kasuwar Mokolo, su bar mata fenti duk a kankare. Wannan karon gara ta riga su, amma ba ta son ko ƙwarzane ɗaya.

Baba ya miƙe ya shafa bayan motar. Na ga yatsunsa na karkarwa a kan fentin, na ga ya janye hannun ya cusa a aljihu.

Kafin ya buɗe baki sai ga maƙwabcinmu ya leƙo, riƙe da sukundireba da tsumma. Ya ce, "Hajiya, kawo ta nan ɓangarena. Minti biyar ne. Dattijo ai ya huta."

Ban san lokacin da na ajiye murfin kwano ba. Na ji bakina ya ce, "Ni zan cire."

Maƙwabcin ya fashe da dariya. Ya ce, "Ke tela? Wannan ba wuyan riga ba ne fa." Masu gasa tsire da ke tsallaken layi suka juyo, wasu direbobin taksi biyu da ke shan shayi suka matso da kofunansu. Hajiya ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa, sannan ta dubi Baba.

Ta ce, "Malam, 'yarka ce? Ta iya?"

Baba ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Hajiya, abin da na sani ta sani. Hannu ne kawai ba ta taɓa sawa ba."

Hajiya ta ce, "To bismilla. Amma ina tsaye."

Na ɗaure mayafina a ƙugu, na wanke bayan motar da ruwa da sabulu don kada ƙwayar yashi ta ja mini abin kunya. Na karɓo butar ruwan zafi wurin mai shayi, na ciro zaren nailan mai ƙarfi daga jakar ɗinkina. Haruffan nan da gam aka manne su, in ya ji zafi sai ya saki. Na riƙa tsiyaya ruwan a hankali a kan harafin farko, na naɗe zaren a yatsuna biyu, na zura shi ta bayan harafin, ina ja dama ina ja hagu kamar mai yanka sabulu. Zaren ya tsinke. Maƙwabcin ya yi tsaki da ƙarfi don kowa ya ji. Baba daga benci ya ce, "Ƙara ruwa, uwata. Kada ki yi sauri." Na ƙara, na ninka zaren biyu. Sai harafin ya faɗo a tafin hannuna.

Ɗaya daga cikin direbobin ya sunkuya ya leƙa wurin, ya ce, "Wallahi ko alama babu."

Haruffa bakwai na sauke a jere a kan tsumma. Ragowar gam ɗin na murje da babban yatsa har fatar ta yi ja, na bi da ɗigon kananzir, na sake wankewa. Jama'a sun ƙaru, har matan da ke dawowa daga cefane sun tsaya da ledojinsu.

Saura babban tambarin da ke tsakiyar murfin kofur, wato akwatin kaya na bayan mota. Na zuba ruwa, na zura zare. Ya shiga kaɗan sai ya cije. Na gwada ta ɗaya gefen, nan ma ya cije a daidai wuri guda. Abin da zaren ke karo da shi ba gam ba ne, abu ne mai tauri. Na tsaya.

Maƙwabcin ya miƙo mini sukundirebarsa, ya ce, "Wasa ya ƙare. Ki sa ƙarfe ki ɓamɓare, ko ki matsa masu aiki su yi."

Hajiya ta duba agogonta ta ce, "'Yata, shi ne ma wanda ɓarayin suka fi so. A cire shi."

Wannan ne wuri mafi wuya a ranar. Da na bi maganarsu, ba wanda zai ce na yi gardama. Amma na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba zan cire ba. Yana da ƙafafu biyu da suka huda ƙarfen. In ya fita, ramuka biyu zai bar miki."

Maƙwabcin ya ce, "Ƙarya ne, ta kasa ne kawai. Duk gam ne."

Na roƙi Hajiya ta buɗe kofur, na ɓalle maɓallan shimfiɗar da ke lulluɓe da murfin daga ciki, na janye ta gefe. Ga su nan, ƙafafu biyu sun leƙo ta cikin ƙarfe. Na ce, "Hajiya, sa hannunki ki ji." Ta tattare hannun rigarta ta shafa. Direbobin suka shafa. Ɗaya daga masu tsiren ma ya goge hannu a riga ya zo ya shafa.

Hajiya ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Abin da aka yi wa motar maigidana ke nan a wani wuri. Har yau in an yi ruwa, kofur ɗinsa wari yake, ga tsatsa." Ta juya ta dubi maƙwabcinmu da sukundirebarsa. Shi ma bai jira ba, ya tuna yana da aiki ya koma ɓangarensa, dariyar direbobi na bin bayansa.

Na ba ta zaɓi, ko a cire a toshe ramukan a sake fentin murfin gaba ɗaya, ko a bar tambarin in ɗaure ƙafafunsa daga ciki yadda ba mai iya fizge shi a tsaye a kasuwa. Ta zaɓi na biyu. Baba ya nuna mini gwangwanin da yake tara ƙananan wasa, wato zobban ƙarfe na ɗaure kusa, na ɗaure ƙafafun da su gam. Sannan na bi gurbin haruffan da man goge fenti har ana kiran azahar. Da na gama, Hajiya ta ga fuskarta a jikin motar, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a nan, kowa ya sa dariya.

Da za ta tafi ta leƙo ta taga ta ce, "Gobe patron ɗin, mai garejin, tana nan? Ƙanwata ma tana da irin wannan aikin." Na waiga ina neman wanda take nufi. Ashe ni ce.

Kafin sati biyu, motoci uku na matan Tsinga da ɗaya daga unguwar Madagascar sun kwana a garejinmu. Baba na zaune yana faɗa, ni ina yi. Ranar da wata ya ƙare baffana ya zo karɓar makulli, ya tarar da ni da fenti har gwiwar hannu. Ya ce, "Yaya, me nake gani haka?" Baba ya ce, "Abin da ka gani. Garejin yana da mai shi." Baffa ya zagaya motocin, ya zauna ya sha shayi, ya tafi bai ƙara ta da maganar ba.

Shekaru sun ja, Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ce a wurin har yau. Na yi ayyukan da suka fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma a ranar nan na koyi abin da nake cin abinci da shi. Haruffa bakwai da na cire sun sa mutane sun tsaya kallo, amma tambari ɗayan da na ƙi cirewa shi ya sa aka yarda da ni. Mai sana'a ya san yadda ake yi, ya kuma san inda ake tsayawa, ko da duk jama'ar da ke kansa suna cewa ya ci gaba.