Yaya Hansai da maganin da na hana a ba ta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran yayata Hansai a Toranke, bayan doguwar jinya da kansar ƙwan mahaifa. Ina ɗakin bincike a Malesiya saƙon ya same ni. Kafin in samu layi, har an kai ta.

Yaya, ke ce mai goya ni ki tsallakar da ni rafi da damina don kada in rasa makaranta. Duk wanda zai taho nan sai kin ɗora masa daddawa da kuka. Da cikinki ya fara kumbura, mata suka yi ta yi miki barka, kina dariya, ba ki gwasale kowa ba. Sai a asibiti a Kano aka gano abin da yake, ya riga ya yi nisa.

Kin san aikina: muna gwada wani tsohon maganin ciwon zuciya, ko zai rage ƙarfin irin wannan kansar. A kan ɓeraye muke har yanzu. Da yayanmu Datti ya ji cewa irin ƙwayar da Inna ke sha ce, ya ce a ɗebo a ba ki. Na ce a'a. Ba mu san adadin da ya kamata a sha ba, kuma zai iya tsayar da zuciyar mai lafiya. Ya ce na fifita ɓerayen Turawa a kan 'yar'uwata. Aka yi ta maimaita maganar daga Ajingi har Gaya, har da waɗanda ba su taɓa leƙo ki ba.

Ke kaɗai kika ce, "Ku ƙyale min Auta. Kai kuma, in ɓerayen sun warke, ka ce ina gaishe su."

Maganar Datti ta yi min ciwo, amma ba zan zalunce shi ba. Shi ya yi ta jigilarki zuwa Kano, shi ya ga abin da ni ban gani ba sai ta waya. Duk da haka, da za a sake tambayata, a'a zan ce. Na gaji da bayani.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da mijinki Malam Ɗanladi, da 'ya'yanki Surayya da Mudassir. Datti, tunda ka daina ɗaga wayata, to ga tawa gaisuwar a nan: Allah Ya ba mu haƙuri, Ya saka maka da alheri.